Burgamin Guguwa

Wallahi ba za ku yarda ba, amma ku matso. Ke Lantana, daina dariya, Tunau ma da dariya ya fara.

Tunau shaƙiyyi ne, garin nan babu wanda bai taɓa ba. Yayansa Jatau maharbi yana da wata karya, Guguwa, da yake ji da ita kamar 'yar cikinsa. Har burgami ya ɗinka mata ya rataye a bakin ƙofa. A ciki akwai reza, da tsumma wankakke, da baƙin dutsen nan da ake manna wa saran maciji ya tsotse dafi.

"Yaya, karya da jakar magani? Saura ka yi mata lefe."

"Yi dariyarka," in ji Jatau. "Ciwo ba ya sallama. Kada dai ka taɓa mini jaka."

Ai kamar ya ce masa je ka taɓa. Tunau ya zare dutsen, ya harbi kadangare da shi a danƙo, ya saka gawayi a madadinsa. Jira yake Jatau ya buɗe, a sha dariya a majalisa.

Jatau bai buɗe ba. Tafiya ta kama shi, ya bar wa ƙanen karya da burgami.

Ran nan da almuru Tunau ya biyo hanyar fadama da ita, burgami a kafaɗa, ta gindin tsamiya. Guguwa ta cusa kai cikin ciyawa. Ƙara ɗaya ta yi. Kububuwa ce ta sare ta a ƙafa.

Ƙafa ta hau kumbura. Ya tsaga wurin da reza, ya lalubo dutse. Gawayi ya marmashe a yatsunsa.

"Sannu, ɗan samari."

Tsohuwa ce tsugune a gabansa. Amma muryar daga bayan kunnensa ta fito. Ya dubi ƙasa. Dugaduganta ne ke kallonsa, yatsun suna can baya.

"Iya, ki taimaka. Ta yayana ce."

"Mai jakar nan ya yi shiri. Wa ya warware masa?"

"Yara ne, Iya."

Guguwa ta miƙe ƙafafu, kumfa ya cika mata baki.

"Wa?"

"Ɓera... ina jin ɓera ne."

Numfashin karyar ya soma yankewa. Kwaɗin fadama duk suka yi tsit.

"Ni ne."

"Da wane hannu?"

Ya miƙa na dama. Ta kama shi. Tafinta sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Ta ɗora hannun nasa a kan saran, ta danne.

"Dole dafin ya sami wurin zama. Tunda babu dutse, kai ne dutsen."

Ya ji abin yana hawa, daga yatsu zuwa gwiwar hannu, kamar an ɗura masa tafasasshen mai. Nan take ya faɗi sumamme. Ko da ya farfaɗo, babu tsohuwa. Guguwa na tsaye da ƙafafunta huɗu, tana yi masa gurnani.

Hannun ya shanye, ya yi baƙi ƙirin. Masu magani sun gwada, asibiti sun gwada. Da Jatau ya dawo ya ji yadda aka yi, bai zage shi ba. Karyarsa ya duba tukuna, ƙafa da baki. Sannan ya ce, "To, je ka majalisa ka ba su labari. Ai suna jiran dariya."

Yau da hagu Tunau yake cin tuwo, shi kaɗai, a bayan ɗaki.

Saboda haka in rana ta yi ja, kada wanda ya bi ta gindin tsamiyar nan shi ɗaya. Tsohuwar tana nan, kuma tambaya take yi.