Canjaras da La'asar

Ranar da Dakta Dung ya kawo ƙara caji ofis na Ƙaura Namoda, an kwana ana ruwa, garin ya yi lumui kamar bai gama farkawa ba. Sufeto Wakili ma haka.

Dung jami'in lafiya ne mai zagaya ƙauyuka. An buɗe motarsa a bakin kasuwa, an ɗauke kwamfutar tafi-da-gidanka da wayar tauraron ɗan'adam da yake aika rahoto da ita. Kafin Sufeto ya iso, kurata sun riga sun kama direbansa Nasidi, saboda shi ne ya fi kusa.

Shekarun farkon Shari'a ne. Nasidi na zaune a kan benci ya cusa hannunsa na dama a hammata, kamar wani zai roƙe shi aro.

"Ina kat tafi ka bar mota?" in ji Sufeto.

"Masallaci, ranka shi daɗe."

"Da hantsi? Wace salla ce wagga?"

Nasidi ya sunkuyar da kai. Daga baya ya amsa cewa bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya je, inda ake nuna fim ɗin Indiya a ɓoye. Ba wanda zai yarda ya shaide shi, domin duk wanda ya gan shi can, shi ma can yake.

Sufeto ya leƙa motar. Kyamara na nan, rediyo na nan. Amma ɓarawon ya tona aljihun kujera ya zaro 'yar igiyar da ke haɗa wayar da kwamfuta.

"Wa ya san amfanin igiyar nan?"

"Ni kaɗai," in ji Dung. "Da wani malamin lissafi a Zurmi, Maitama. Na taɓa haɗa masa ya yi wasan ces da wani mutum a Rasha. Darar Turawa. Oga, na ga abin mamaki ranar."

Hanyar Zurmi gero ne kore hagu da dama, gajimare na tafe a hankali kamar shanun da ba su da makiyayi. Sufeto ya yi gyangyaɗi har ya ga kansa yana tafiya a cikin wani fili mai gida-gida, baƙi da fari.

Malam Maitama dogo ne, da allin makaranta a hannun riga. Ya tarbi Sufeto da kofur ɗinsa da fura.

"Ces? Ai na tuba, yallaɓai. Tun da iska ta kayar da faifan tauraron ɗan'adam na shagon intanet ɗin Lawrence, na ce Allah ne ya raba ni da shagala. Yanzu sai gona."

Sufeto ya dubi tafin hannunsa. Gonar ba ta bar masa ko kanta ɗaya ba.

Lawrence ya koma Shinkafi da injinansa, inda ya sami wani faifan. Can Sufeto ya bi shi. Da jin sunan Maitama sai ya ajiye abin da yake ci.

"Oga, mutumin nan ba wasa yake ba, noma yake. Ba ya fito da sarauniya da wuri. Sai ya kai sarkinsa lungu ya rufe shi kamar amarya, sannan ya riƙa turo ƙananan dakaru ɗaya-ɗaya. Dawakansa biyu kuwa, gara ya ba ka komai da ya ba ka su. Kana ganin ba abin da ke faruwa, sai ka farga ba ka da wurin ajiye ƙafa. Turawa har zaginsa suke rubutowa."

"Shi ke nan halinsa?"

"Saura ɗaya. Da an kira salla, ko yana gab da cin wasa, sai ya nemi a tashi canjaras. Wai ba kyau ka bar mutum yana jiranka."

"Ya ce ya tuba."

Lawrence ya yi dariya har da tari. Ya juyo da fuskar kwamfuta. "Sunansa ya daina fitowa a dandalin wasan, gaskiya ne. Amma ga wani sabo, wai Baƙon Damina. Kullum bayan an tashi makaranta."

Suka zauna kallo. Sufeto bai san dokar wasan ba. Ya dai ga fararen abubuwa na motsi ba hannun da ke taɓa su, kamar aljanu na gyara ɗaki. Sarki ya shige lungu. Dawaki biyu suna tsalle a natse. Fanka na juyawa, ruwa na ɗiga daga kwano, wani mutum a wata ƙasa mai sanyi yana ta rasa gidajensa.

"Saura taku biyu ya gama da shi," in ji Lawrence a hankali.

Sai ladanin unguwa ya ɗaga murya, la'asar ta yi. Kafin ya kai ƙarshe, rubutu ya fito a gefen allo. Baƙon Damina na neman canjaras.

Washegari da azahar Sufeto ya bi sawun keken Maitama zuwa bayan garin Zurmi. Ya same shi ƙarƙashin tsamiya, kan tabarma, ga buta a gefe. Maitama ya ɗora wayar kan kututture tana kallon sama, ya jona kwamfutar da batirin mota.

"Salamu alaikum, Baƙon Damina."

Maitama ya amsa sallamar cikakkiya, bai ɗago ba.

"Aro ni yi, yallaɓai. Wallahi niyyata in maida. Ba ka san yadda abin yake ba. Nan garin in na yi magana ba mai gane ni. Can kuwa akwai wani tsoho, ban san sunanshi ba, ban san addininshi ba, amma in na motsa doki ya san abin da nike nuhi."

"Shi ya sa kab bar mishi canjaras jiya."

"Salla ta yi."

"Ta yi kam. Kan kayan mutane."

Sufeto ya fito da ankwa. Maitama ya dubi hannunsa na dama, wanda ke kan kwamfutar, ya daɗe yana kallonsa.

"Wace kotu za a kai ni?"

"Dakta Dung ya roƙi a kai gaban majistare."

Maitama ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi."

"Nasidi kuwa," in ji Sufeto, "gobe za a kai shi gaban alƙali. Ka ji an kama shi tun ran kasuwa. Mutumin Rasha ne kawai ba ka son ka bari yana jira."

Maitama ya miƙa hannayensa biyu.

Kofur ya tattara batir da buta. A kan allo agogon wasan na ci gaba da tafiya, wani can yana jiran takun da ba zai zo ba, har Sufeto ya rufe murfin.

Da yamma aka saki Nasidi. Sai da ya kai bakin titi sannan ya zaro hannunsa daga hammata, ya tsayar da ɗan acaɓa da shi.