Lodin da Ba a Gani

Ranar da Direba ya canza wa motar 'yarsa batir, babu abin da ya bambanta yammacin da sauran yammata. Tifarsa tana fake a ƙofar gida, injin yana hucewa. Matarsa tana kwashe shanya. A bayan ɗaki kuma tulin duwatsun da ya kwaso da kansa daga wurin fasa dutse, don ginin da har yanzu bai soma ba, ya fara shan inuwa.

Wannan tulin shi ne duniyar Kwandasta. Haka yake kiran 'yar tasa tilo, domin tun tana tatata take buga ƙofar tifa tana cewa a tafi. Ya saya mata wata mota mai rimot, irin mai manyan tayoyi da dogayen sifirin, wadda aka yi don hawan duwatsu. Kullum da yamma sai ta tsuguna tana tuƙa ta a kan tulin, motar tana rarrafe kamar kunkuru, ita kuma tana magana ƙasa-ƙasa: "Riƙe da kyau, za mu hau." Uwar ta ɗauka surutun yara ne.

Batirin da motar ta zo da shi ya tsufa, ba ya riƙe caji. Direba kuwa dama saiɓin nan yana ci masa rai. Sai ya sayo sabon batir mai gida uku, wanda aka ce masa ya fi kowanne wuta, ya sa da hannunsa, ya karɓi rimot ɗin.

"Yau za ki ga tuƙi, Kwandasta."

"Baba, a hankali fa."

Taɓa totur ɗin kawai ya yi. Motar ta zabura, ta ɗaga gaba, ta yi tsalle daga saman tulin ta faɗo a kife tsakanin duwatsu biyu. A cikin ƙarar faɗuwar akwai wani sauti siriri, ba na ƙarfe ba, ba na roba ba. Matarsa ta tsaya da zane a hannu.

Yarinyar ba ta je wurin motar ba. Gefenta take kallo, inda babu komai.

"Baba, ka kayar da shi."

"Wa?"

Ta ci gaba da kallon wurin. Rana ta ƙarasa faɗuwa. Dutse na farko ya sauka a kan kwanon rufin.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da zarar haske ya fara ja, jifa za ta soma, ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa, kamar mai jifan yana da dukkan lokacin duniya. Direba ya hau katanga, ya zagaya lungu, bai ga ko kyanwa ba. Duwatsun da yake tsinta a tsakar gida nasa ne, na tulin nan, kuma da ɗumi yake samun su.

Sai Kwandasta ta fara jan ƙafar hagu. Aka kai ta asibiti, aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiya lau. Ƙafar kuwa kullum ƙara sanyi take, ƙara ƙanƙancewa take. Ta daina ci. Ta daina buga ƙofar tifa. In magariba ta yi sai ta zauna ta fuskanci bango tana jijjiga jiki, tana rarrashi da wata murya mai kauri, muryar babbar mace wadda ta gaji da kuka.

Direba ya daina fita aiki. Mutumin da ya sha sauko da lodi a gangare birki yana wari, bai taɓa sanin tsoro ba sai a ɗakin 'yarsa.

Surukinsa ne ya kawo Malam, wani dattijo siriri mai sanyin magana. Ya zauna a bakin tabarma, ya sa uwar ta riƙe yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Jifa ta tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi jifan nauyi. Can yarinyar ta ɗago kai, idanunta ba su ƙifta ba.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me ya kawo ki jikin yarinyar mutane?"

"Ni ban kawo kaina ba. Tambayi wancan. Shi ya kwaso mu da gidanmu a bayan motarsa, ya juye mu a bayan ɗakinsa kamar shara. Ban ce komai ba. Ɗana ƙarami ne, bai fara tashi sama ba. 'Yarsa tana ɗaukarsa a ƙaramar motar, suna wasansu, ban hana ba. Sai shi ya zo da gaggawarsa, ya karya masa ƙafa."

Direba ya ce, "Wallahi ban san da kowa a kai ba."

"Ita ta gaya maka a hankali."

Malam ya ce, "Me kike so?"

"Ƙafa da ƙafa."

Uwar ta ƙanƙame 'yarta. Malam bai ɗaga murya ba. "Yarinyar ba ta karya kowa ba, ke da bakinki kika ce ita take ɗaukarsa. In kika ci ƙafarta, ta ɗanki za ta miƙe?"

Hawaye suka zubo daga idon da ba ya ƙiftawa.

"A gida kaɗai zai warke, a kan dutsen da aka kwaso mu. Mu kuma ba ma ɗaukar wanda ƙarfe ya karya. Abin da ya karya shi, shi zai kai shi. Ƙaramar motar za ta tashi daga ƙofar nan har can."

"Ba za ta iya ba," Direba ya ce. "Tafiyar tifa ce fa."

Malam ya koma karatu. Yarinyar ta gantsare, muryar ta yi gurnani, ta ce a tsaya. Suka yi ta ja, shi yana ragewa, ita tana ƙarawa, har suka tsaya a kan magana ɗaya. Za a kai ƙaramar motar gindin dutsen a cikin tifa. Daga nan ita kaɗai za ta hau, gobe, kafin rana ta faɗi. Ƙafar mutum ba za ta taka hanyar ba, hannun mutum ba zai taɓa motar ba.

"In ta kai, zan fita, na rantse da Wanda ya halicce mu da ku. In ta tsaya a hanya, nan ne gidana."

Da suka fito, Direba ya riƙe hannun rigar dattijon. "Malam, wane batir zan sa?"

"Ɗana, ni ayoyi na sani. Wannan karatunka ne."

Da safe yana tsaye a ƙofar shagon kafin a buɗe. Mai shagon, wanda kowa yake kira Injiniya, ya gan shi ya yi dariya.

"Mai tifa, ya mai gida ukun? Ta tashi sama ko?"

Da ya dubi fuskarsa sai dariyar ta mutu. Direba ya ajiye motar a kan kanta. "Ba ni mafi girma da kake da shi."

"Girma a me? Gudu ko daɗewa? Ba abu ɗaya ba ne. Yawan gida shi ne gudu. Wannan lambar ta jiki ita ce girman tanki."

"Hawa za ta yi, mai tsawo, da lodi. Ba a tsayawa, ba a canji."

"Lodin me?"

"Yaro," Direba ya ce.

Injiniya ya dube shi, ya dubi motar, bai ƙara tambaya ba. Ya zaro wani ƙato ya gwada, ya ƙi shiga mazauninsa. "In muka ɗaure shi a sama, nauyi ya koma bisa, kwana ɗaya za ta sha ta kife." Ya mayar. Ya ɗauko mai gida biyu mai babban tanki, ya zauna daram, filoginsa ya yi daidai. "Wannan ba ya zabura. Amma kada ka kuskura ka sa masa tsohuwar cajarka, kumbura zai yi, ko ya kama da wuta. Cajarsa daban, mai cika kowane gida daidai da ɗan'uwansa."

Suka jona. Allon cajar bai kawo haske ba. An ɗauke wuta.

Direba ya dafa kanta da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Injiniya ya shiga ciki, aka ji yana ture kwalaye, ya fito da wata caja mai wayoyi biyu, ja da baƙi, masu baki kamar na kada. "Wannan daga batirin mota take sha. Kana da tifa a waje."

"Ƙure ta, ta cika da wuri."

"In na ƙure ta, za ta ce maka ya cika alhali da saura. Ka zaɓa."

Direba ya dubi rana, ta riga ta ɗaga. Yatsansa yana kan maɓallin. Ya janye shi. "Bar ta a hankali."

Haka ya yi tuƙin nan, cajar tana ƙasan kujera tana ƙyafta jar fitila, Malam a gefe da carbi, uwar rungume da yarinyar da ba ta motsi. Ƙaramar motar tana baya ita kaɗai a cikin bodi. Suka isa gindin dutsen fitilar tana ja. Ma'aikata suka tashi, wurin ya zama kufai, tana ja. Inuwar dutsen ta miƙo ta kusa taɓa tifar. Sai da rana ta zauna a kafaɗar dutsen sannan fitilar ta koma kore.

Ya sa batirin, ya ajiye motar a bakin wata siririyar hanyar awaki, ya ja da baya. Suna kallo sifirin ɗin suka lotsa, na hagu ya fi na dama, kamar wani ya hau yana kare ƙafa ɗaya.

Direba ya ɗauki rimot ɗin. "Riƙe da kyau," ya ce. "Za mu hau."

Ta fara rarrafe. Taya ɗaya ta kama, ta ja sauran. Duk jikinsa yana ce masa ya taka, rana tana zamewa, amma ya riƙe yatsansa kamar mai riƙe numfashi. Inda hanya ta karkata ya bi ta sama. Inda tsakuwa ta zame ya dakata, ya ja baya kaɗan, ya sake kamawa. Motar ta ƙanƙance a idonsa har sai 'yan fitilunta yake gani.

Saura tudu ɗaya, ɗan ƙarami, fitilun suka dushe. Ta tsaya.

A cikin tifar muryar nan ta tashi. "Ta tsaya."

Direba ya yunƙura zai ruga. Malam ya cafke shi, da ƙarfin da bai yi kama da na tsoho ba. "Ƙafarka ta taka, an gama."

"Ta tsaya, dattijo. Alkawari ne."

"Kafin rana ta faɗi kika ce," Malam ya amsa, bai waiwaya ba. "Dubi, da sauranta."

Direba ya saki totur ɗin gaba ɗaya. Ya san batir, babba ko ƙarami, in ya gaji aka ƙyale shi yakan ɗan farfaɗo. Amma ƙyalewar tana cin rana. Ya tsaya, hannu a sake, yana jin kukan matarsa, yana kallon jan bakin rana yana zama zare. Bai taɓa yin aiki mai wuyar wannan tsayuwar ba.

Sannan ya taɓa, kamar mai shafa kan jariri.

Tayoyin suka juya. Gaban motar ya ɗaga, ya yi lilo a bakin tudun, ya sauka a sama. Fitilun suka mutu. A kan hasken ƙarshe na sararin sama ya ga bodinta ya ɗago, sifirin sun miƙe.

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi. Wata iska ta fita ta tagar tifar, ta kwantar da ciyawa a miƙe har saman dutsen.

Da ya buɗe ƙofar, uwar tana riƙe da ƙafar hagun da hannu biyu. "Ta yi ɗumi," take cewa, "taɓa ka ji, ta yi ɗumi."

Kwandasta ta buɗe ido, ta ƙifta. Ta dubi rimot ɗin da ke hannunsa, ta leƙa saman dutsen.

"Baba, ka kai shi?"

"Na kai shi. Amma motarki ta zauna can."

"Bar masa. Ba zai iya tafiya ba tukun." Ta sake dubansa da kyau, irin duban da uwarta take yi masa. "Ba ka yi gudu ba dai ko?"

Ya girgiza kai. Ta miƙa hannu ta buga ƙofar tifar sau biyu.

"To, mu tafi."