Ramar Muntasir

A Njamena, idan babban mutum ya sheƙa da gudu, ba shi ake kallo ba, bayansa ake kallo. Garin ya daɗe da koya wa mutanensa haka. Shi ya sa da Wasila ta ga wani ƙaton saurayi ya taho daga wajen gadar Chagoua yana haki, sanye da jallabiya da takalmin roba, sai ta raɓe jikin katanga ta leƙa don ta ga mai korarsa. Babu kowa sai wata akuya tana cin kwali.

Malamar firamare ce, mota take jira da sassafe, kuma tana da halin nan na son sanin dalilin komai, halin da ake yaba wa yara a aji, a tsawata wa mata a gida. Washegari ma ya wuce. Ran da ya tsaya daidai inda take, ya dafa gwiwoyinsa kamar mai ruku'u, ta kasa haƙuri.

"Bawan Allah, lafiya? Wa ke bin ka?"

Ya ɗago, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Likita," ya ce.

Sunansa Muntasir, mahauci ɗan mahauci. Tansiyo, wato hawan jini, shi ya kayar da mahaifinsa a gaban teburin nama da wuƙa a hannu, masu ta'aziyya kuma suka yi ta yaba kyan jikin mamacin. Muntasir ya gaji teburin, ya gaji jikin, ya gaji ciwon. Wata rana idonsa ya rufe yana cikin sara, likita ya faɗa masa cewa in bai rage kitse da gishiri ya motsa jiki ba, hanyar mahaifinsa a share take.

Daga nan Wasila ta samu abin bincike. Kullum da tambayarta: ko gwiwa ba ta ciwo, me ya sa sai da jallabiya, me mutum ke tunani in yana gudu. Ya ce kunyar gajeren wando yake ji a gaban masu sayen namansa, tunani kuwa babu wanda yake yi sai na tsire mai kitse. Ta yi dariya har motarta ta wuce ta bar ta. Shi yana ce mata Metires, kamar yadda ɗalibanta ke kiranta, ita tana ce masa Mai Gudu. Da suka karɓi lambar juna, saƙonsa na farko ya ce:

"Metires, yau na kai har bakin kogi ban tsaya ba. Amma da na zo wajenki numfashina ya sake ɓacewa. Wannan likita bai san maganinsa ba."

Ta amsa: "Ka dage, Mai Gudu. Wannan ciwon ba ya kisa, in ji masana."

Watanni suka shige. Ciwon kai ya sake shi, barci ya dawo, jallabiyar ta koma kamar ta aro. Da damina ta yi tsakiya ya tura baffanninsa wurin mahaifinta, Alhaji Bakari.

Alhaji Bakari dillalin shanu ne, kuma duk abin da ke da ƙafafu da haƙarƙari da ido ɗaya yake duba shi. Ya san Muntasir tun yana cike fam, yana ma yaba shi. Da saurayin ya zo gaisuwa, Alhaji ya ƙare masa kallo daga wuya zuwa ƙugu, ya amsa a taƙaice. Bayan ya fita ya faɗa wa Inno, mahaifiyar Wasila, cewa sa ba ya ramewa da damina, ga ciyawa ko'ina, sai in da ciwo a cikinsa. Mahauci kuwa kullum daminarsa ce. Ba zai ba da 'yarsa ta je jinya ba.

Muntasir ya je ya yi gwajin jini ya kawo sakamako mai kyau. Alhaji ya ce shi ma ya sha sayen shanu da takardar likitan dabbobi, su mutu kafin su haye kogi zuwa garin Kuseri. Ana cikin haka wani Lukumanu, mai shagon kayan gini a unguwar Milezi, ya fara sallama a ƙofar gidan. Wuyansa ninki-ninki ne, yana huci ko da a zaune yake. Inno ta ce wannan ai ko daga nesa ka san lafiya ta zauna.

Duk da haka Inno ta ga inda zuciyar 'yarta take, sai ta kawo dabara irin ta iyaye mata: yaron ya bar gudun nan, ya ci ya murmure, a ɗaura aure, daga baya ya koma wa haukarsa. Wasila ta ga hikima a ciki, ta rubuta masa. Amsar ba ta zo ba sai yamma.

"Galbi, zuciyata, zan iya yin ƙiba kafin sanyi ya shigo, abu ne da na iya. Amma na ga yadda uwata ta zauna takaba. Ba na so in aure ki don in bar miki irin wannan zaman."

Ta karanta, ta ji haushi, ta sake karantawa, ta ji kunya. Ta daina fita da wuri, shi ma ya sauya hanya. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana, wanda shi ne wasan da masoya suka fi ƙwarewa a kai, kuma babu wanda ya taɓa cin riba da shi.

Halinta ne ya fitar da ita. Wata yamma tana zuba wa mahaifinta shayi, ta tambaye shi abin da ya daɗe yana yi mata yawo a ka: ta ga masu kora shanu zuwa Najeriya ba sa zaɓen masu ƙiba, to yaya suke rabe ramar ciwo da ramar ƙarfi? Alhaji ya ajiye kofi. Shekara da shekaru babu wanda ya tambaye shi komai a gidan nan sai cefane. Ya gyara zama ya ce a tsaye ba a ganewa. Sai an kora dabba ta yi tafiya mai nisa, sannan a tsaya a duba. Mai ciwo za ta sunkuyar da kai, numfashinta ya ƙi komawa, a ba ta ruwa ta kau da kai. Lafiyayya kuwa numfashinta zai kwanta, ta sha ruwa, ta shiga neman ciyawa.

"Baba," ta ce, "ran Lahadi akwai tseren kilomita goma a cikin gari. Na ji ya sa sunansa."

Alhaji ya ɗauki kofinsa ya kurɓa. Ya gane an kora shi cikin shinge, amma shingen nasa ne.

Ran Lahadi da safe sojoji da 'yan makaranta suka tashi kamar tsuntsaye. Can baya Muntasir ke tafe, sai ga ɗan kalando, wato ɗan acaɓa, ya rage gudun babur ɗinsa ya jera da shi, a bayansa wani dattijo da babbar riga ya ƙura wa haƙarƙarinsa ido. Muntasir ya gaishe shi cikin haki. Dattijon ya ce ba gaisuwa ta kawo shi ba, ya kula da gabansa.

Wasila tana wurin ƙarshe, ta murɗe bakin mayafinta har ya yamutse. An fara naɗe kujeru lokacin da ta hango shi. A wani wuri ya koma tafiya, sai kuma ya sake ɗaga ƙafa. Ya shigo cikin na ƙarshe-ƙarshe, wata tsohuwar Baturiya ma ta riga shi.

Alhaji ya sauko daga babur. A gaban jama'a ya ɗora tafinsa a kan haƙarƙarin saurayin, ya bar shi nan yana saurare. Ya ja fatar idonsa ya leƙa. Ya miƙa masa gorar ruwa, Muntasir ya shanye tas. Ƙirjin da ke hawa da sauka ya riƙa lafawa a ƙarƙashin hannun dattijon.

"Me kake ji?"

"Wallahi Baba, yunwa."

Alhaji ya janye hannunsa ya kakkaɓe. Bai dubi Muntasir ba, 'yarsa ya duba. "Wannan zai kai Legas da ƙafarsa," ya ce. "A ce wa baffanninsa su dawo."

Kafin azumi aka ɗaura aure a unguwar Chagoua. Mahauta suka cika layi, nama ya wadata har maƙwabtan maƙwabta, ango kuwa ya tsame tsoka ya ture kitse gefe, Inno tana kallonsa tana girgiza kai. Da aka kai amarya, tambayar farko da ta yi masa ita ce ko ana samun takalmin gudu daidai ƙafar mace.

Allah ya sa albarka, ya ba su zuriya mai jin magana. Ya ba su doguwar hanya tare, in kuma ƙarshenta ya zo, kada ɗaya ya riga ɗaya da nisa.