Jar Munduwa a Hannun Lawer

Insifekta Kabutey yana tsakiyar cin dokunu, tuwon masarar nan, da kifi a bayan caji ofis ɗin garin Ada, Saje Korkor ta leƙo ta ce ya wanke hannu. Wani yaro ya nutse a wajen gasar tseren jirage ta yara, yanzun nan masunta suka tsamo gawar.

Ya tambayi ɗan wane ne. Ta ce Lawer ne, ɗaya daga cikin tagwayen Narh mai gyaran taru. Nan take abincin ya fita ransa. Tare suka taso da Narh, ya kuma san Atteh da Lawer, 'yan shekara goma sha biyu, waɗanda duk garin babu mai bambance su sai 'yan gidansu.

Bakin kogi ya cika maƙil. Ƙananan jiragen yaran suna jere a kan yashi, an sauke musu ƙyallen da iska ke turawa. Mata na ta kuka, amma babu wadda ta ce Lawer ya mutu. Mutanen Ada ba sa faɗin haka a kan ɗan tagwaye, sai dai su ce ya yi tafiya.

Dattijon da ya tsamo shi ya ce iska ce ta kifar da jirgin a kusa da inda kogi ke shiga teku. Wannan ba wani abu ba ne a tsere. Wasu yaran ma sun kife a ranar, suka juya jiragensu suka haye suna dariya. Shi Lawer rigar ruwan da ke hana nutsewa ce ta yi masa yawa, ta suɓule ta kansa.

"Nisansa da jirgin fa?" in ji Kabutey.

"Ofisa, daga nan zuwa bishiyar kwakwar can ma bai kai ba. Jikata da ba ta gama famfara ba ma, da hannu ɗaya za ta kai."

"To me ya hana shi?"

Dattijon ya juya ya kalli ruwa. "Na hango shi yana dukan ruwa. Mai iyo ba haka yake yi ba."

Kabutey ya ɗaga zanen da aka rufe yaron da shi. A hannunsa na dama akwai jar munduwa ta roba. Duk yaron da ya shiga gasar yana da irinta.

Kafin ya miƙe, hayaniya ta tashi a wajen rumfar ajiye jirage. Samari sun fara jifa. Anti Maku suke nema, tsohuwar malamar makarantar da ta tattaro tsofaffin jiragen nan ta gyara, take koya wa 'ya'yan masunta tuƙi kyauta. Jiya kowa uwarsa ce. Yau wanda bai taɓa ɗaura mata igiya ɗaya ba shi ne a gaba da dutse.

Da ƙyar Kabutey da Saje Korkor suka sa ta a mota. A ofis, Kwamanda bai ma zauna ba ya yanke magana: gari ya ɗauki zafi, a tuhume ta da sakacin da ya jawo asarar rai, ranar Litinin a kai ta kotu. Kabutey ya ce to. Amma ya san in matar nan ta shiga gidan yari da shekarunta, gawarta ce za ta fito, kuma zuciyarsa ba ta ba shi cewa ita ce ba.

Ya same ta a bayan kanta, ƙafafunta duk yashi. Ya sa aka kawo mata kujera da ruwa, ya ce ta gaya masa yadda yaro ke shiga gasar.

Ta yi bayani da muryar aji, kamar wani ne ke magana ba ita ba. Shekarun baya a bayan tsibiri ake tseren, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, can ne ma take koyar da su. Bana da yake yara za su zo daga Tema da Accra, aka mayar da shi bakin teku, aka kuma kafa sharuɗɗa. Yaro kada ya kai shekara goma sha biyar. Uba ko uwa su kawo shi da ƙafarsu. Jirgi ɗaya, yaro ɗaya. Sannan kowa sai ya yi iyo a gabanta daga bakin gaɓa zuwa wata ganga da aka ɗaure a tsakiyar ruwa, ya dawo. Wanda ya ci, ita da hannunta take maƙala masa jar munduwa, irin wadda in ta kulle ba ta fita sai an yanka.

Ta ce sharaɗin iyon ya jawo mata baƙin jini. Iyaye suka yi ta mita, wai a gwada ɗan masunci iyo a bainar jama'a cin fuska ne.

"Kin ga Lawer ya yi iyon da idonki?"

"Na gani."

"Tare da ɗan'uwansa?"

"A'a. Atteh da safe ya yi. Narh ya ce Lawer cikinsa na murɗa, sai da yamma ya kawo shi."

"Da yamman, Atteh yana ina?"

 Kabutey yana kallo abin ya faɗo mata a rai, ta ajiye kofin ruwan. 

"Insifekta, rubuta ni ce. Ban duba rigarsa ba."

"Ba shi na tambaye ki ba, Anti."

"Shi zan faɗa a kotu."

Ya sha ganin masu ƙarya don su fita daga sel. Mai ƙarya don ta zauna a ciki, wannan ne karon farko, kuma ya san ba don wani ƙato take yi ba, yaro take karewa. Ya rufe bironsa bai rubuta komai ba.

Da safe suka je ɗakin ajiye gawa. Ba fuskar yaron ya je gani ba, ba ya ma son ganinta. Ya kama hannun mai sanyi, ya juya munduwar. Ta ciki, inda fata ke ɓoye ta, an yanka robar an ɗinke da koren zare, ɗinki ƙanana a jere, an ƙare da wani ɗan ƙulli da ba ya kwancewa.

Saje Korkor ta sunkuyo. "Wannan ai sai tela, yallaɓai."

"Tela ba ya irin ƙullin nan."

Kabutey ɗan masunci ne, ya san ƙullin. A kan irinsa ya sha rankwashi a hannun mahaifinsa yana yaro. Ya yanke munduwar ya sa a leda, ya fita waje ya tsaya cikin rana. Saje ta tambaye shi ko su wuce ofis. Ya ce gidan Narh. Tun da ya shiga aikin nan bai taɓa jin nauyin zuwa wani gida kamar haka ba.

Masu gaisuwa sun cika tsakar gidan. Narh yana zaune a gindin bishiya da taru a cinya, ba ya gyarawa. A bakin ƙofar ɗaki Atteh ne a kan tabarma, gabansa kwano biyu na abinci, nasa da na wanda ya yi tafiya. Duka biyun ƙudaje ne ke ci.

Kabutey ya yi gaisuwa yadda ake yi, ya bi hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna kusa da Narh ya tambaye shi ko Lawer ya iya ruwa.

Narh ya ce wace irin tambaya ce wannan ga ɗan gidan taru. Yaransa duka biyu a ruwa suka buɗe ido. Ya ce a je a tambayi matar da ta ba ɗansa rigar ƙato. Yana maganar yana kallon tarun.

Kabutey ya tashi ya je ya tsuguna gaban Atteh. Ya kama hannunsa na dama, ya tura jar munduwar sama kaɗan. Tasa lafiyarta lau, babu ɗinki. Amma a ƙarƙashinta akwai ɗan yanka miƙaƙƙe da ya fara bushewa.

"Me ya yanke ka, Atteh?"

"Ɓawon kawa ne," in ji Narh daga can.

"Shi na tambaya."

Yaron bai ɗago ba.  Kabutey ya sake shi. Ya ce wa Narh ya zo su zaga bayan gida, wajen murhun banda kifi, inda babu kunnuwa.

Can ya fito da ledar ya ɗora a bakin murhu. Narh ya kalle ta sau ɗaya ya kau da kai.

Kabutey ya faɗa masa abin a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. Yaro ɗaya ne ya yi iyo sau biyu. Da safe ya yi da sunansa, aka ba shi munduwa. Aka kai shi gida aka yanke ta da wuƙa, wuƙar ta taɓa shi, aka ɗinke ta a hannun ɗan'uwansa. Da yamma aka mayar da shi da sunan Lawer, ya karɓi sabuwa.

Narh ya ce masu gyaran taru a Ada sun fi ɗari.

"Haka ne. Amma wanda ya yi iyon ɗaya ne, kuma na san inda yake zaune. Anti Maku ta gane, ta zaɓi ta mutu a kurkuku da ta ambaci sunansa. Ni ba zan bar ta ba, Narh. In ba ka da abin faɗa, yaron zan ɗauka in yi masa tambayoyi a ofis."

Ba zai taɓa ɗaukar yaron ba, kuma ya tsani kansa da ya faɗi haka ga mutumin da bai binne ɗansa ba. Amma bai janye ba.

Narh ya zame ya zauna cikin toka.

Maganar ta fito a gutsure. Lawer tun yana ƙarami ya taɓa faɗawa ruwa, daga ranar ko wanka sai a bakin gaɓa. 'Yan gidan suka rufe zancen, don ina Narh zai kai kunyar a ce ɗansa bai iya iyo ba? A bayan tsibiri babu wanda ya lura, kuma wajen tuƙi ya fi Atteh nesa ba kusa ba. Da sharaɗin ya fito, Lawer ya daina cin abinci. Tun haihuwarsu ba a taɓa ɗinka wa ɗaya riga a bar ɗaya ba, ko ƙwai aka dafa sai biyu. Tsofaffin gidan suka tsare Narh, suka ce ya san abin da ke faruwa in an ba ɗan tagwaye abu an hana ɗan'uwansa: wanda aka hana yakan yi fushi ya koma inda ya fito.

"Na ce ai akwai rigar ruwa. Na ce rabin yini ne, ya wuce." Ya ɗago, toka a fuskarsa. "Kabutey, don kada ya tafi na yi. Tsoron kada ya tafi ne ya sa na yi."

"Atteh ya yarda?"

"Ya yi kuka, ya ce a gaya wa Anti gaskiya. Na ce in bai yi ba, duk abin da ya sami ɗan'uwansa shi ne."

Kabutey ya rufe ido. Da ma wannan ɗin bai ji ba.

Saje Korkor ta zagayo da ankwa a hannu, ya girgiza mata kai. Ya ba Narh hannu ya tashe shi, ya kakkaɓe masa baya. Kafin rana ta faɗi Anti Maku za ta koma gidanta, ya cika aikinsa ke nan, amma ko ɗigon daɗi bai ji ba.

Suka ratsa tsakar gidan, masu gaisuwa suna darewa. Babu wanda ya tambayi dalili. Tsofaffin matan da ke zaune a inuwa suka sunkuyar da kai gaba ɗaya.

Narh ya shiga bayan mota. Saje za ta rufe ƙofa ke nan, sai ga Atteh da gudu, ya riƙe ƙofar da hannu biyu. Tun da aka tsamo ɗan'uwansa ba a ji muryarsa ba sai yanzu.

"Ku bar Baba. Ni ne na yi iyon. Ni za ku kama."

Kabutey ya durƙusa a gabansa. Ya ce masa sa shi aka yi, shi yaro ne, babu hukumar da za ta ce yana da laifi, shi ma Insifekta ya bincika ya ga ba shi da laifi. Ya faɗa ya sake faɗa.

Atteh ya bari har ya gama, yana kallonsa ido cikin ido.

"Da na ƙi, da ba a ba shi jirgi ba."

 Kabutey ya ɓamɓare yatsun yaron daga ƙofar ɗaya bayan ɗaya, ya rufe, ya ce wa direba su tafi.