Gurbin da Alcide Ya Saya wa Ɗansa

Abin ya fara ne a watan Maris na shekarar da na ajiye aikin koyarwa, lokacin da gidanmu na Guillory, a wani ƙaramin gari na kudancin Louisiana, ya wayi gari da samari biyu masu jiran zaɓen manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka, irin wadda ake riƙewa a hannu a ruga da ita. Mu uku iyayenmu suka haifa: ni Earline ce babba, sai Rayford, sai autanmu Alcide. Rayford ya haifi Demond, Alcide ya haifi Tavis. A fili ɗaya yaran suka koyi wasa, a benci ɗaya suke zama a coci.

Kowane Afrilu manyan ƙungiyoyi kan zaɓi 'yan wasa daga jami'o'i bi da bi, kowace da gurbinta a layi. Yaron da aka kira a zagayen farko ya yi sallama da talauci. Wanda aka bari sai ƙarshe, gwaji kawai zai je. Ƙungiyar da ta ƙwallafa rai a kan wani yaro alhali gurbinta yana baya, takan sayi gurbin gaba, ta biya da gurabenta na shekaru masu zuwa. Kafin ranar zaɓen kuwa, jita-jita ce abincin garinmu.

Wata Lahadi bayan sujada muka taru a bayan gidan Rayford, an dafa jatan lande da masara da barkono an juye a kan tebur. Wani dattijon cocinmu ya ce ya ji a rediyo wai wata ƙungiya ta arewa za ta sadaukar da gurabenta na shekara biyu don ta hau gaba ta ɗauki Demond.

"Ni dai na ce masa ya nemi rigar sanyi," in ji Rayford. "Garin can in ka tofar da yawu, ƙanƙara ce ke faɗuwa."

Dattijon ya juya. "Alcide, naka fa? Wane zagaye suka ce?"

"Na biyar."

"Ranar Asabar ke nan, ranar ƙarshe ta zaɓen, bayan masu ɗaukar hoto sun tafi cin abinci."

Aka yi dariya. Rayford ya dafa kafaɗar ƙaninsa. "Kada ka damu, auta. In Demond ya sayi mota, zai riƙa rage wa Tavis hanya."

Alcide ya yi murmushi. Na san wannan murmushin tun ranar da aka saya wa Rayford keke aka ce shi ya jira ya girma. Shi ne ya yi wasa a ƙuruciya har gwiwarsa ta lalace, ya ƙare a injin matsar rake. Rayford direban motar makaranta ne. Da na sami Alcide yana wanke hannu a famfo, sai ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Yaya, ni na koya wa yaran nan biyu yadda ake riƙe ƙwallo. Shi me ya sani ban da sitiyari?"

Na ce masa rabo na Ubangiji ne.

Abin da ya biyo baya, daga bakinsa na ji bayan shekaru, kuma zan faɗe shi yadda ya faɗa mini.

A can cikin fadama, inda kwalta ta ƙare, akwai wani boka da ake kira Dakta Ozeme, ko da yake bai taɓa sa ƙafa a makarantar likitanci ba. Da tsakar rana Alcide ya je. Shuɗɗan kwalabe ne rataye a rassan bishiyar ƙofar gidan, suna kaɗawa alhali babu iska. Ɗakin ba taga. Baƙaƙen kyandirori na ci a kan wata tsohuwar ƙofa da aka mayar tebur, kewaye da su kwalaben ƙasar kabari da ƙafafun kaji da ƙananan layu na jan ƙyalle. A kusurwa rediyo na magana, masu sharhin wasanni suna gardama.

"Ɗan Guillory, ƙaramin," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Ubanka ya taɓa tsayawa a ƙofar nan, ya juya. Kai ka shigo."

"Dakta, so nake ɗana ya hau zagayen farko."

"Guraben ƙidayayyu ne. In ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. Wa zai sauka?"

Alcide ya kau da kai.

"Faɗa da bakinka. Ba na aiki da abin da ke cikin ciki."

"Ɗan wana."

"Wanne ya fi maka daɗi, hawan naka ko saukar nasa?"

"Duka biyun."

Tsohon ya yi dariyar da ba ta da sauti. Alcide ya miƙa kuɗin da ya zo da su, aka ture masa hannu.

"Kai da ka san harkar, da kuɗi ake sayen gurbi? Abin da bai zo ba ake bayarwa. Uku zan karɓa daga gidanka, cikin waɗanda ba a haifa ba tukuna."

"Jikoki kake nufi."

"Haka kuke kiransu."

"Biyu, Dakta."

"Biyu farashin zagaye na uku ne. In shi kake so, sai mu yi."

Alcide ya auna. Tavis bai yi aure ba, 'yar'uwar Tavis ɗin kuma, Shondra, tana makarantar jinya. A ganinsa, wanda ba a haifa ba ba shi da fuska balle suna, kuma bayan uku wasu za su zo. Bai tambayi yaushe ba, bai tambayi ta yaya ba. Ya ce ya amince.

Kashegari ya koma da abin da aka umarce shi: ɗanyen harshen bijimi, da ƙasar filin da yaran suka tashi a kai, da ƙyallen da Demond ke ɗaure gwiwa. Dakta Ozeme ya tsaga harshen gida biyu. A ɓangare ɗaya ya cusa ƙyallen da barkono da ƙasar kabari, a ɗayan ya zuba zuma yana kiran sunan Tavis. Ya sa Alcide ya tofa yawu a tsakiya.

"Masu son a yi shiru, ɗinke musu nake yi," in ji shi. "Naka a buɗe zan bar shi. So muke ya yi magana."

Ya rataye shi a ƙusa, a saitin rediyon. Alcide ya rantse mini cewa kafin ya fita ya ga naman yana motsi.

Mako bai zagayo ba aka fara. Wata majiya, wadda har yau ba wanda ya san ta, ta ce likitoci sun ga wani abu a gwiwar Demond. Yaron ya sake yin gwaji, aka ce lafiyarsa lau, amma masu sharhi suka ce ai yawan gwajin ma alama ce. A daidai lokacin sunan Tavis ya cika bakuna: wai an raina shi, wai ƙungiyoyi uku na rububinsa a ɓoye.

Ranar zaɓe muka taru a zauren coci, iyalan biyu, an jera hulunan ƙungiyoyi a tebur, kowane yaro da wayarsa a gabansa. Aka sanar cewa ƙungiyar arewa ta sayi gurbin gaba. Kowa ya dubi Demond. Wayar Tavis ce ta yi ƙara.

Rayford ne ya fara rungume yaron, yana hawaye na gaskiya. Alcide ya dafa kafaɗar wansa ya ce, "Kada ka damu, Yaya. Za a riƙa rage wa Demond hanya." Sai ranar Asabar aka kira Demond, zauren duk ya watse.

Arziki ya zo kamar ambaliya. Alcide ya bar injin rake, ya koma wani gida mai fararen ginshiƙai a bakin tafki. Matarsa Verdie takan zo coci da sabuwar hula kowace Lahadi. Shi ya sake wa cocin rufi, amma na lura duk ranar cin jibin Ubangiji yakan sami uzurin fita.

Abin da bai sani ba shi ne, ranar da ya zauna a gaban boka, Shondra tana ɗauke da ƙaramin ciki, tana jiran hayaniyar zaɓe ta wuce ta faɗa. Aka ɗaura mata aure cikin gaggawa. A watan Oktoba ta haifi ɗa namiji ba rai, jini ya ɓalle mata, kafin la'asar ta bi shi. Daga jana'izar Verdie ba ta koma daidai ba. Takan ce tana jin kukan jariri a cikin rediyo, ta bi ɗakunan gidan tana kashe duk abin da ke magana. Ƙarshe sai asibitin masu taɓin hankali.

Tavis ya yi aure, matarsa ta haifi yarinya mai ƙoshin lafiya. Ni na riƙe ta ranar da aka kai ta coci. Ba ta cika wata biyu ba aka same ta a gadonta ta yi sanyi, likitoci suka bincika ba su ga komai ba. Tun daga nan ƙwallo ta fara zamewa daga hannun Tavis. Ya gaya mini cewa da ya sa hular kwanonsa ta wasa, kuka yake ji a ciki. Ƙungiyarsa ta musanya shi, ta biyun ma haka, jita-jitar da ta ɗaga shi ta koma cin namansa.

Demond kuwa ya yi 'yan shekarunsa ba tare da suna ba, ya dawo gida yana horar da yaran sakandare. A shekara ɗaya matarsa da matar Tavis suka sami ciki. Na ɗauko tsofaffin rigunan mahaifiyarmu, na yanka, na fara ɗinka wa jariran barguna biyu.

Ina kan na gidan Demond Alcide ya shigo, ya rame har wuyan rigarsa na lilo. Ya zauna ya faɗa mini duk abin da na rubuta a sama, idonsa a kan allurata. Ya ce ya koma fadama ya roƙi a warware, aka ce cinikin da ya shiga ba ya fita. Ya miƙa kansa, tsohon ya ce, "Tsoho mai gwiwa ɗaya, wa zai karɓe ka?" Amma ya buɗe masa wata ƙofa: jininsu ɗaya da Rayford, na ukun zai iya fitowa daga can, in an kawo abin da aka tanada wa jaririn. Sharaɗin shi ne ba sata ba, sai wanda ya yi abin ya bayar da hannunsa.

"Bargon nan kawai, Yaya. Sai ki ɗinka musu wani."

"Alcide, ka ji abin da bakinka ke faɗa?"

"Na binne 'yata. Na binne jikoki biyu. Shi me ya rasa? Mota?"

"Tashi mu je wurin fasto, daga nan mu je wurin Rayford, ka faɗa masa da bakinka. Ƙofar tuba ba ta rufe ba."

"In durƙusa wa Rayford?" Ya miƙe. "Dama tun muna yara shi kike so. Don me nasa zai rayu, nawa ya mutu?"

Jariran biyu nawa ne, kuma na san abin da ƙin nawa zai iya jawowa. Na naɗe bargon na zauna a kansa har ya fita. Na yi azumi, na yi addu'a, na kira matar Tavis na roƙe ta ta tare kusa da asibiti. Ta tare. Yaron ya zo da rai, ya yi kwana ɗaya.

A bakin kabari Alcide ya fashe da ihu yana cewa an biya, an gama biya, sauran nasa ne. Tavis ya riƙe shi ya tambaye shi me aka biya, shi kuma ya faɗa a gaban jama'a. Daga ranar Tavis bai sake taɓa ƙwallo ba. Ya sayar da gidan bakin tafki, aurensa ya mutu, ya tafi yamma, ba ya ɗaukar kiran kowa mai suna Guillory. Rayford ya yafe, domin haka Allah ya yi shi.

Na koyar da yara shekaru masu yawa, kuma ga abin da zan gaya wa duk uban da ke zaune gaban rediyo yana auna ɗansa da ɗan wani. Kwaɗayi mugun ciwo ne, amma wanda aka haɗa da hassada ya fi muni, domin mai shi ba ya ƙoshi da samu, sai ya ga ɗan'uwansa ya rasa. Kada mutum ya kuskura ya sa farashi a kan abin da bai gani ba tukuna. Waɗanda ba a haifa ba suna da iyaye mata, suna da fuska, kuma ba mallakarka ba ne.

Yanzu Alcide yana ɗakin baya na gidana. Ni nake dafa masa shinkafa da miyar kuɓewa, ni nake karanta masa Zabura. Yawancin kwanaki shiru yake. Amma matar Demond ta haifi 'ya mace, har yarinyar ta fara tafiya, kuma tun da ya ga hotonta a falo ya sami abin faɗa. Ya ce in aka kai ta wurin bokan, za a mayar masa da ɗaya daga cikin nasa. Shekaranjiya ya tambaye ni ko ta taɓa mance takalminta a nan.

Jiya Rayford ya kira ni.

"Yaya, za mu zo bikin Ista gaba ɗaya, har da 'yar ƙaramar. Wataƙila in auta ya gan ta zuciyarsa ta yi sanyi."

Na dubi ƙofar ɗakin baya, na ga an ɗan buɗe ta.

"Kai ka zo, ƙaninka ne," na ce. "Ni zan riƙe shi har ranar da Ubangiji zai kira ɗayanmu. Amma muddin yana numfashi, yarinyar nan ba za ta taka gidan nan ba."