Taurarin Gwangwanin Madara

Wayyo maraici! Durƙushe Sewuese take a tsakar gida, hawaye na bin kumatunta, tana kallon Anti Nguavese, matar kawunta, tana tattake taurarin da ta yi makonni tana yankowa daga gwangwanayen madara. Da yatsunta da suka sha yanka Sewuese ta lanƙwasa su, ta naɗe su da ledar alawa mai ƙyalli, don a sayar a bikin Kirsimetin cocinsu na unguwar Azuba a ɗinka wa marayu tufafi. Ita da ba uwa ba uba, iyakar abin da take da shi na bayarwa ke nan... shi ma ga shi ƙarƙashin silifas!

"Ɓarauniya!" in ji Nguavese. "Madara yana ƙarewa a shagon kawunki, ashe ke ne kina sha kina tara gwangwani!"

"Anti, na rantse ban taɓa ba... kyauta ake ba ni."

Wa zai saurare ta? Kawu Tavershima ya daɗe yana ganin katan-katan na ɓacewa daga shagonsa, ga kuma tulin gwangwani a gabansa. Ya kau da kai ya ce, "Gobe za ki bi mota zuwa garin Awe, wurin dangin babanki. Ba na zama da ɓarawo."

Shi ke nan, makaranta ta ƙare, gida ya ƙare. Ranar ko tuwo ba a ba ta ba, maƙwabta kuwa da sun hango ta sai su janye ƙofa. Ta raɓe jikin bango tana shessheƙa. "Ya Allah, kai ka ga hannuwana... kada ka bar ni in tafi da sunan sata!"

Washegari da hantsi, ta ɗaure 'yan tsummokaranta ke nan, sai ga sallamar Babandi mai shayin bakin titi, da buhu a kafaɗa yana ƙaraurau.

"Ina 'yar tawa? Yau ba ta zo karɓar gwangwani ba."

Da ya ji abin da ake ciki, sai ya dire buhun ya riƙe baki, ya dubi Kawu Tavershima. "Subhanallahi! Oga, ai ni nake ba ta. Madarar kuwa Madam ce ke kawo mini katan-katan ta bayan rumfa ina saye, ta ce kai ka aiko ta, kada in dame ka da zancen. In na juye wa masu shayi, sai in wanke in ajiye wa yarinyar nan. Yarinyar ta ce na marayu ne, maraya kuwa na kowa ne."

Nguavese mai bakin nan da ya fi lasifikar tasha ƙara, sai ga ta ta daburce! Ta kama kame-kame, gumi na tsattsafo mata. Nan take Tavershima ya karɓe makullin shago, kafin la'asar ta tattara nata-ya-nata ta nufi gidan iyayenta, kai a sunkuye.

Kawu ya juyo wurin Sewuese. "Ki yafe mini... na zalunce ki."

Ta fashe da kuka, amma wannan kukan mai sanyi ne.

Ranar bikin, sababbin taurarinta suka cika tebur suna walƙiya, mutane na rububinsu. Kawu Tavershima, mutumin da ko a shagonsa ba ya ɗaga murya, ya tsaya bayan teburin yana kiran kowa da ya gifta, idanunsa jajawur.

"Ku zo ku saya! Aikin 'yata ne... 'yata ce ta yi!"