Zuciyar Cikin Kwalba

Shekara ashirin ina ɗinke gawa bayan likitoci sun gama bincike. Rannan ina shirin rufe ɗakin gwaji sai wani dattijo ya yi sallama, muryarsa kamar daga cikin randa. Sanyin firji ke tashi daga jikinsa.

Ya nuna wata kwalba da ke kan tebur, mai zuciyar mutum a ciki. "Baiwar Allah, zuciyata na zo karɓa."

Na tare gabansa. "Baba, mai ita tun da ransa ya bar wa ɗaliban likitanci ita. Ko aljani ne kai, ba ta fita."

"Na fasa," in ji shi.

"Amai za ka lashe? Ba a gabana ba!"

Sai ya buɗe rigarsa. Ɗinki ne daga wuya har cibiya, da ƙullin bahaguwa a ƙarshe. Bahaguwa kuwa a asibitin nan ni kaɗai ce.